Hantar Gida Tara

Na ji abin da kuka faɗa bara da Sallah, a gindin dalbejiyar tsakar gida, kuna zaton barci nake yi. Ɗayanku ya ce, Allah ya jiƙan Baba, ya tafi da kwaɗayin nama a bakinsa, Inna ta hana shi. Sauran kuka yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ce a yi a hankali kar ta ji. To, na ji. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba, shi ya sa na zaunar da jikata Hajara na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mani magana, kada ta sassauta. Na hana babanku nama, wannan gaskiya ne, ba kuma zan ba kowa haƙuri ba. Amma ku ji yadda aka yi, tun ina da bakin faɗa.

Babanku ba liman ba ne, manomi ne, amma yana da karatu gwargwado, kuma hannunsa na da kyau a yanka. A ƙauyenmu, nan kan hanyar Dareta in ka baro Anka, gida tara ne ba su yarda wani ya sa wa ragon layyarsu wuƙa sai shi. Gado ya yi wurin mahaifinsa. In an sauko Idi, liman ya yanka nasa, sai babanku ya ɗauki wuƙarsa ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo ya yanka namu. Kun san yadda muke yi a nan, ranar farko ba a taɓa jikin rago. A feɗe shi, a buɗe shi a jikin itace, a jingina a bakin wuta ya sha hayaƙi har washegari. Abin da ake ci ranar Sallah kayan ciki ne. To, kowace uwargida a gidajen nan tara, suyar farko da ta kwashe daga kasko, sai ta zuba a kwano mai murfi, hanta da ƙoda da zuciya da ɗan tumbi, ta aiko wa Malam. Ba ladan yanka ba ne, girmamawa ce. Washegari in mun haɗu sai kowace ta tambaye ni yaya Malam ya ji hantar, kuma ba a son ki ce ya ɗan taɓa. So ake ki ce ya share kwano. Shi kuwa yana sharewa. Kwano tara, ga namu na goma, kwana biyu ko uku yana kansu safe da rana da maraice, kafin a zo kan naman jiki, kafin a zo kan romon kai da ƙafa.

Shekaru muna haka, ba abin da na gani sai ɗan ɗingishi da yake yi bayan Sallah, ya ce yawon gidaje ne ya gajiyar da shi. Sai shekarar da zinari ya buɗe a yankinmu, samari suka fara shigowa gari da sababbin mashina. Babban wanku, wanda ba na kiran sunansa, yana cikin waɗanda Allah ya ba. Ya ce bana ubansa ba zai yi layya da rago kaɗai ba, ya haɗa da sa. Ya kuma jibge lemon kwalba a zaure har ya kusa kai taga. Babanku da bai san wani abin sha ba sai ruwan randa da fura, ya koma in ya ci nama sai ya kora da kwalba biyu. Ina ba shi ruwa yana ture moɗa, wai ruwa na cika ciki ya hana mutum cin abin kirki. Na ga cikinsa ya fito a kwana uku. A lokacin ni ma murna nake yi ɗana ya fitar da mu kunya.

Rana ta huɗu da asuba ya tashi zai yi alwala, yana sa ƙafa ƙasa sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta daga bakinsa ba. Mutumin da sa ya taɓa tunkuya a haƙarƙari bai ce wash ba. Da gari ya waye na duba, babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana ƙyalli kamar tumatir ɗin da ya nuna, in ka kai hannu kusa za ka ji zafi na fitowa. Na ɗauko zane zan rufa masa, gefen zanen kawai ya shafi wurin, ya kama hannuna ya ce, ke, kashe ni za ki yi? Sallar ta faɗo da kaka, dawa ta nuna a gona tana jiran yanka, ga mai gonar kwance, ko bayan gida sai an riƙe shi.

Gwaggonku Dije, yayarsa, ta zo daga Gummi kwana biyu bayan nan. Ku da kuka san ta da tsufa ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ita ta goye shi yana jinjiri, don haka a wurinta ni baƙuwa ce ko bayan na haifi bakwai. Ta dubi ƙafar, ta dube ni.

“Sanyi na. Ƙashi ya bushe, babu mai cikinai. Kulu, mi kike ba shi?”

Na ce tuwo da miyar kuka, tun da ya kwanta bai son komai.

“Tuwo! Mutum shina kwance ƙashinai na kuka, ki ba shi tuwo? A ɗora ƙahwar san nan. A hwasa ƙashin, a hiddo mai ɓargo. Ƙashi ai sai ƙashi.”

Haka aka yi. Kowa a gidan ya yarda da ita, ni ma na yarda, don maganar ta yi kama da hankali: abin da ke ciwo ƙashi ne, sai a ba shi romon ƙashi. Da hannuna na dafa. Safe da maraice ina kai masa romo mai kauri da ragowar hanta, wai ta ƙara masa jini. Ciwon ya haura idon sawu. Aka kira mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja yatsan, babanku ya suma. Aka kira wanzami ya yi ƙaho. Wata maƙwabciya ta ce wani abu ya taka a ƙofar ɗaya daga gidajen da yake yanka, aka yi ta hayaƙi har idona ya yi ja. Bayan sati biyu da wani abu ciwon ya sauka don kansa, Dije ta ce kun gani, romo ya yi aiki, ta koma Gummi da girmanta. Dawa kuwa maƙwabta suka taimaka aka yanke, bayan tsuntsaye sun ci rabonsu.

Ni ba ni da ilmi, amma ina da ido, kuma macen da ta shekara talatin tana kallon abin da ke shiga bakin mutum ta san abin da littafi bai sani ba. Wata uku bayan nan aka yi suna a gidan ƙanensa, aka yanka rago biyu, kwana uku a tsakani ƙafar ta tashi. Aka yi walimar wani da ya dawo daga Makka, ta tashi. Duk tsawon azumi lafiya lau yake, yana kunu da ƙosai da tuwo, har noma yake yi da safe. Ƙaramar Sallah aka yi kaji da soyayyen nama da lemon nan, rana ta huɗu gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Na koma baya a raina, na tuna ɗingishin nan na kowace shekara, na ga ashe bai taɓa zuwa ba sai bayan kasko ya yi aiki. Na faɗa masa. Ya ce, ke dai ba ki son ganin mutum yana jin daɗi. A wannan tsakanin ne ya ɗauki takalminsa na fata, wanda yake zuwa Juma'a da shi, ya sa wuƙar yankansa ya yanke gefen dama, don yatsan ya samu wurin fita. Daga baya ma ya daina zuwa Juma'ar. Mutumin da ke sahun farko bayan liman ya koma salla a zaune cikin ɗaki, yana jin kiran salla yana kau da kai don kar in ga fuskarsa.

Na matsa, na matsa, har ya yarda aka ɗora shi a mashin zuwa asibiti a Anka, ni ina bin su a wani. Likitan saurayi ne, bai kai babban wanku ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi gwiwar, ya sa aka ɗebi jini, sannan ya ce, Baba, me kake ci?

“Abin da Allah ya hore,” in ji babanku.

Ina daga baya a tsaye, ba a tambaye ni ba, na buɗe baki na lissafa. Kwano tara, romon ƙafa, ɓargo, lemo, da moɗar ruwan da ake turewa. Na faɗi ranakun da ciwon ke tashi. Babanku ya juyo ya yi mani wani kallo, na yi kamar ban gani ba. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce, Inna, kin gama aikina. Ya yi mana bayani yadda zan gane. Ya ce akwai wani abu kamar gishiri da jiki ke samu daga nama, ya fi yawa a kayan ciki da romon da aka daɗe ana dafawa, lemon zaƙi kuma na ƙara shi. Ga wasu mutane yana fita da fitsari. Ga wasu kuwa taruwa yake yi, ya daskare a gaɓoɓi kamar ƙananan allurai, shi ne zafin nan. In aka bari yana ta dawowa, zai ci gaɓar, yatsu su karkace, ƙoda ma ba ta tsira ba. Ya ba da magani kala biyu, na lokacin ciwo da na kullum, ya ce a sha ruwa da yawa, nono ba laifi, nama kaɗan, kayan ciki da lemo a bar su. Da na ji batun romo sai na tuna ni na dafa, ni na kai.

A hanyar dawowa babanku ya ce likitan yaro ne, bai san Sallah ba. Ya sha magani har zafi ya tafi. Na kullum kuwa sai na tsaya a kansa da moɗa.

Da Babbar Sallah ta matso, na yi abin da ba a taɓa yi ba a unguwarmu. Saura sati, na yafa mayafi na bi gidajen nan tara, yadda shi yake bin su da wuƙa. Kowace uwargida na zauna na ce mata, don Allah bana kada ki aiko. Wasu suka gane, don sun ga takalmin nan a ƙafarsa. Amma tsohuwa Tumba, wadda gidanta ne na farko a yanka, ta saurare ni har na gama, sannan ta tofar da goro.

“Kwanon ga, uwar mijina ta aika ma uban mijinki. Ni kuma shekara arba'in ina aikawa. Yau ke za ki ce in daina? Shi Malam ɗin ya aiko ki?”

Na ce bai ma san na zo ba.

“To tashi ki tahi gida, Kulu. Ba a hana mutum girmanai a bayan idonai.”

Maganarta ta zauna mani, don akwai gaskiya a ciki. Amma na auna girman kwano da girman mutum ya tsaya da ƙafarsa gaban Ubangijinsa, na san wanda ya fi nauyi.

Ranar Sallah ya je Idi yana dogara sanda, ya yi yankansa, ya dawo ya zauna a tabarma a tsakar gida. Dije ta zo tun jajibere. Babban wanku ya sake jibge lemo a zaure. Ni kuwa na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofar shigowa, inda duk abin da zai shiga gidan sai ya bi ta gabana. Kwano biyar suka zo, na Tumba ne na farko. Kowanne na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na sa albarka, na juye a wani mazubi na aika gidajen da ba su samu yin layya ba, na wanke kwanon na mayar. Daga ragonmu na yanki hanta ɗaya tal, kamar kan babban yatsa, don kada a ce bai ci daga layyarsa ba. Na ɗora ta a kan tuwo da miya, na haɗa da fura da nono ba sukari, da moɗar ruwa, na kai gabansa. Ya buɗe, ya dubi hantar nan, ya dubi ƙofa.

“Ke, ina kwanonin?”

“Sun zo, Malam. Na karɓa, na yi godiya da sunanka, na ba mabukata.”

Dije ta saki muciyar da ke hannunta.

“La'ilaha illallahu! Hantar ƙanena kinka rabas? Ranar Sallah? Kai, kana zaune mace na auna maka nama kamar maraya?”

Babban wanku ya shigo daga zaure da kwalba a hannu. Ya ce, Inna, wannan ai tozarci ne, mi za a ce da mu cikin gari? A ce muna da hali mun bar ubanmu da yunwa? Na ce masa ya mayar da kwalbar inda ya ɗauko ta, kuma in ya ƙara ɗaga mani murya zai san ni na haife shi. Na shiga ɗaki na ɗauko takalmin nan da aka yanke, na zo na ajiye shi a gefen tabarma, kusa da tuwon.

“Ga abin da kwano tara sunka bar maka bara. In kana son na hagu ma a yanke, ka hwaɗi, yanzu in tahi gidan Tumba in roƙo wata hantar. Amma Yaya Dije ta kwana da shirin ɗaukar ka zuwa bayan gida, don bara ni kaɗai na yi.”

Babanku ya daɗe yana kallon takalmin. Ya ɗauki hantar nan ɗaya ya yi bisimilla ya ci, ya ture tuwon, ya tashi ya shiga ɗakinsa. Bai sake yi mani magana ba har kwana uku. In yana son abu sai ya faɗa wa bango.

Kada ku zaci abin ya tafi a banza. Dije ta koma Gummi washegari, ko naman jiki ba ta jira an raba ba, kuma har ta rasu ba ta sake shiga ɗakina ba, daga tsakar gida muke gaisawa. Wanku ya kwashe lemonsa ya kai wa abokai, ya ba su labari, daga nan sunan ya bi gari: Kulu mai hana miji nama. A wurin biki in na zauna sai mata su ja kwanonsu gefe suna dariya. Wanda ya fi ci mani rai shi ne Sallah ta gaba, gida uku, har da na Tumba, suka kira wani ya yanka masu. Babanku ya wasa wuƙarsa kamar kullum, ya fita, ya dawo da wuri. Ya ajiye wuƙar ya shiga ɗaki. Na san abin da aka cire masa, na kuma san ni na jawo. Wannan na ɗauka, har yau ina ɗauke da shi.

Amma bari in koma ga rana ta huɗu bayan Sallar da na tare kwanonin. Da asuba ina zaune a bakin gado, carbi a hannu, ba ja nake ba, kunne na kasa. Na ji ya buɗe ƙofa. Na ji buta. Na ji taku, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, daidai, babu jan ƙafa, babu sanda. Ya fita masallaci ya dawo. Da hantsi na gan shi ya ɗauko lauje ya rataya a kafaɗa, dawa na jiransa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“A kai mani hura gona. Kada a sa sukari.”

Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ba zan ce bai taɓa yin satar hanya ba. In ya je ɗaurin aure Bukkuyum ko Gummi, kwana uku bayan nan nakan gane daga yadda yake sauke ƙafa a dokin ƙofa, in ce, Malam, an yi farfesu ke nan, ya ce ke dai mayya ce. Amma bai sake kwanciya ba. Ya koma sahun farko. Kowace Sallah da ƙafarsa ya je filin Idi, cikin takalmi mai rufi, har ta ƙarshe. Nama kuwa yana ci, yanka biyu ko uku a miya. Abin da na hana shi kwano tara ne, ku riƙa faɗin labarin daidai.

Takalmin yana nan a ƙasan adakata, na naɗe shi a tsohon zane. Ban ajiye shi don tunawa ba, ba ni da mantuwa.

Kai babba, da kai nake yanzu. Bana rana ta huɗu bayan Sallah ka zo gaishe ni. Na ga yadda ka sauko daga mashin, na ga ka fara sa ƙafar hagu, na ga ka zare takalmin dama tun daga zaure kana cewa zafi ake yi. Ka ce mani tuntuɓe ka yi. Na ce Allah ya sauwaƙe. Jiya na kira matarka mun yi magana mai tsawo, na ga kuma tana da ido, tana da zuciyar da za ta zauna a bakin ƙofa. In ka ga dama ka je Anka a ɗebi jininka tun yanzu. In ba ka ga dama ba, ka zo ka karɓi takalmin ubanka. Ƙafarku ɗaya, kuma an riga an yanke maka shi.